Kwaɗo a Ɗakin Injin

Mala ɗan Fagge ne, mai sayar da atamfa a Kantin Kwari, amma rabin zuciyarsa na gonar tumatirin da mahaifinsu ya bari a ƙauye. Yayansa Sammani ke nomanta, da ita yake ci da iyalinsa. Shi kuwa Mala irin mutanen nan ne da ba sa ganin sabon abu su wuce. Rannan a shagon Celestine da ke Sabon Gari ya ga na'urar da ke kunna injin ban ruwa daga waya.

"Alhaji, ko daga Makka sai ka shayar da gona, in dai akwai sabis," in ji Celestine.

Farkon maganar kawai Mala ya ji. Ranar da aka haɗa na'urar a ƙauye, sabis ya yi masa kara ya zo, injin ya tashi. Sammani ya ce a garinsu sabis baƙo ne, sai an hau tudun maƙabarta ake samunsa, shi ma in ya ga dama. Mala ya yi dariya ya ce, "Yaya, zamani ya wuce ku." Ya garƙame ɗakin injin da kwaɗo don kada a taɓa masa saiti, ya tafi da makulli.

Kullum da safe sai ya danna waya a gaban maƙwabtan shago yana cika baki. Wayar ta ce an aika, bai taɓa tambayar ko ya isa ba.

Ana nan sai ga Sammani a Fagge, ya rame. Ya zauna a zaure ya ce tumatir ya ƙone ƙurmus, tun ranar farko injin bai sake tashi ba.

"Haba Yaya, kana wurin, ba sai ka fasa kwaɗon ba?"

"In fasa kwaɗon ƙanena a gonar gado, gari ya ce na fara cinye rabonka? Na yi ta ban ruwa da guga har bayana ya ƙi. Na hau tudu ina nemanka, waya ba ta shiga."

Takaici da kunya suka rufe Mala. Ya fara zagin kamfanin waya, yana cewa gobe zai je ya ci kwalar Celestine. Sammani ya bar shi ya gama.

"Ni ba ƙara na kawo ba," in ji shi. "Ka sama mini dako a kasuwarku, yara na jira."