Sojojin Jikin Saje

Saje ya bar aikin soja da daɗewa, amma aikin bai bar shi ba. Ko a kujerar asibiti ya zauna, sai ka rantse jiran fareti yake. Matarsa na gefe riƙe da ledar maganin da ya yi rantsuwa ba zai sha ba, alhali ƙafafunsa sun kumbura sun yi ɗigo-ɗigon ja.

"Ni ciwon hanta aka ce ina da shi," in ji shi. "Me ya haɗa hanta da gwiwa?"

Likita ta gyara tabarau. "Baba, ƙwayar cutar ta daɗe a hantarka. Sojojin jikinka, wato ƙwayoyin da ke kare ka, sun yi ta yaƙi da ita ba hutu har kansu ya juye. Yanzu ba sa bambance abokin gaba da ɗan gida. Su ke dukan gaɓoɓinka, su suka busar maka da ido. In magani ya kori cutar, muna sa ran su lafa."

Saje ya miƙe a fusace, gwiwa ta ce ƙas, ya koma ya zauna. "Yarinya, iya bakinki! Soja ba ya harbin gida. Ba zan sha maganin da aka yi wa soja ƙazafi a kansa ba."

Matar ta ajiye ledar a kan tebur. Ita dai haƙurinta ya ƙare. "Likita, wannan ciwon mun san shi, ai mu ne gaɓoɓin. Maigida, wa ya tsare surukinmu a ƙofa yana neman katin shaida? Wa ya sa jikoki tsallen kwaɗo don an fasa kofi? Autarmu rabonta da gida tun kafin ta haihu. Yaron har ya fara tafiya, ba ka taɓa ɗaukarsa ba."

Kunya ta kama Saje, kewar 'yarsa ta taso masa. Ya so hawaye su zo, amma sojojin nasa sun riga sun rufe famfon.

Ya jawo ledar a hankali. "Kafin abinci ake sha, ko bayan abinci?"

"Bayan abinci, Baba."

Ya juya ga matarsa. "Kira min Auta, ki ce su zo har da mijin." Sannan ya ƙara da cewa, "Ba sai ya zo da kati ba."