Bulon Bakin Ƙofa

Iska ta sake kashe wutar, karo na uku ke nan. Baba Dachung ya durƙusa a kan ƙanƙara yana ƙyasta ashana da yatsun da suka ƙi lanƙwasuwa. Hamissou yana tsaye da muciya a hannu, rabin hankalinsa na kan tukunya, rabi na kan tagar gidan kawunsa.

"Bafaranshe, juya mana," in ji tsohon. "In ta kama a gindi, Martina za ta taso ta zage mu mu biyu."

Hamissou ya juya. Tukunyar ta kai rabin ganga, cike da dawar da Baba ya jiƙa a bahon wanka har ta yi tsiro, ya shanya a falo, ya niƙa kaɗan-kaɗan a injin markaɗe. Jiya aka yi dahuwar farko, yau Juma'a ta biyu. Ran Lahadi matarsa Martina za ta cika shekara da rasuwa, kuma mutanen Filato mazauna nan ƙasar waje, na garin Lanham da kewaye, za su zo gidan in an tashi daga coci. Baba ya rantse ba za a ba su giyar gwangwani ba. Burkutu za su sha, irin wanda take yi musu. A garinsu aikin mata ne, ya ce, amma shekara arba'in da ɗaya yana kallon hannunta, in bai koya ba ai ya cika jaki.

Hamissou bai taɓa kai abin nan bakinsa ba, ko warinsa ba ya so. Shekara huɗu da zuwansa daga Damagaram, inda ake boko da Faransanci, shi ya sa Baba ke ce masa Bafaranshe, ya wanke motoci, ya kai saƙon abinci, yanzu yana tuƙa motar kayan kawunsa Alhaji Ousmane, yana kwana a ɗakin ƙasan gidansa. Alhaji ya taɓa faɗa masa, sau ɗaya tak kuma ba da faɗa ba, cewa ranar da ya gan shi kusa da tukunyar maƙwabcin nan, ya tattara kayansa. Amma a duk layin Baba Dachung ne kaɗai yake tambayarsa yadda ya kwana ya kuma tsaya jin amsa. Shi ya koya masa taka birki a kan ƙanƙara. Don haka da tsohon ya leƙo ta kan shinge da safe ya ce silindar gas ta fi ƙarfinsa, Hamissou ya ce wa Alhaji yana da aiki, ba zai samu Juma'a tare da su ba.

Da wutar ta mutu karo na huɗu, suka haƙura da waje. A ƙarshen filin bayan gidan akwai ɗakin katako na ajiyar kaya, wanda Baba ya riga ya toshe ramukansa da tsummoki don burkutun ya samu ɗumin tashi. Suka kinkimi tukunyar suka shigar, sannan murhun, sannan silindar. Baba ya jawo wani bulo da ƙafa ya tare ƙofar a buɗe.

"Wannan dokar Glory ce," ya ce. "Ta ce in na kunna gas a ɗaki na rufe ƙofa, ba za ta zo jana'izata ba."

Glory 'yarsa ce tilo, ma'aikaciyar jinya a garin Gaithersburg. Baba ya yi dariya har da tari, ya zauna a 'yar kujera ta tsugunno, ya miƙa tafukansa ga wutar.

Tukunyar ta fara tafasa ke nan Hamissou ya ji ƙarar motoci a gaban gida. Ya manta sarai Alhaji ya gayyaci abokansa cin abinci bayan salla. Maza kuwa ta ƙofar baya suke shiga, hanyar da ke bin jikin shinge, shingen da bai kai ƙirji ba. Daga nan, duk wanda ya juya kai zai ga cikin ɗakin katakon, ya ga tukunya, ya ga ɗan 'yar'uwar Alhaji da muciya. Ya ji muryar kawunsa tana matsowa, yana ba wani labarin cunkoson hanya.

Bai yi shawara da zuciyarsa ba. Ya saki muciyar a cikin tukunya, ya fita, ya ture bulon da ƙafa, ya jawo ƙofar.

"Baba, minti biyar," ya raɗa ta tsagar ƙofa.

"Je ka, malam," in ji tsohon daga ciki, yana dariya. "Kai, ɗumin nan da daɗi."

Hamissou ya zagaya ta bayan bishiyoyi ya fito ta gaba kamar yanzu ya dawo daga aiki. Alhaji ya gan shi ya ce madalla, ya zo ya taya ɗaukar faranti.

Minti biyar ɗin bai samu ba. Ya kai shinkafa, ya kai miya, aka aike shi ruwa. Aka sa shi haɗa shayi, don duk gidan ba wanda ya kai shi iya kumfa. Duk lokacin da ya sunkuya kusa da wani dattijo sai gabansa ya faɗi, yana jin kamar tsamin dawar na tashi daga rigarsa. Wani baƙo ya shaƙi hanci, ashe mura ce. Tsoron nan ne ya cika masa kai, bai bar wa komai wuri ba. Sai da aka zagaya da shayi na uku, yana wanke kofuna, ya ɗaga kai ya hangi ɗakin katakon ta taga. Ƙofar na nan yadda ya bar ta. Agogon murhu ya nuna uku da rabi ta wuce.

Kofin ya suɓuce masa. Bai tsaya sa takalmi ba.

Ɗumin da ya buge shi da ya buɗe ƙofar mai nauyi ne, kamar bargo. Wutar na ci, ta koma rawaya. Baba Dachung na zaune a kujerarsa, ya jingina da bango, haɓarsa a ƙirji, hularsa ta saƙa ta zame gefe. Kamar mai gyangyaɗi bayan cin tuwo.

Hamissou ya kira shi. Ya girgiza shi. Ya kama shi ta hammata ya ja shi waje, duga-dugan tsohon suna zana layi biyu a kan ƙanƙara. Ya koma ya murɗe gas ɗin, kansa na sarawa. Da ya buga lambar gaggawa Turancin ya gudu daga bakinsa, sai sunan layi da lambar gida yake ta maimaitawa.

'Yan kwana-kwana suka riga motar asibiti zuwa. Ɗayansu ya shiga ɗakin da wata 'yar na'urar gano guba a cikin iska a hannu, ta fara ƙara tun daga bakin ƙofa. Ya tambayi Hamissou ko a rufe ya sami ƙofar. Hamissou ya ce e. Gaskiya ce. Mutumin ya girgiza kai, ya ce duk hunturu sai an yi irin wannan, ya dafa kafaɗarsa ya ce ya yi ƙoƙari. Alhaji da baƙinsa suna tsaye a bakin shinge suna salati. Alhaji ya cire babbar rigarsa ya yafa wa Hamissou, ya ce a kawo masa takalmi.

Baba bai farka ba. Da hantsin Asabar ya cika a asibiti.

Ranar Hamissou bai fita aiki ba. Duk motar da ta rage gudu a layin sai ya miƙe, yana jiran a ƙwanƙwasa. Ba wanda ya zo. Hajiya, matar Alhaji, ta aiko masa da kunu, ta ce Allah ya ba shi ladan ceton maƙwabci. Kunun ya huce a inda aka ajiye shi.

Ran Lahadi mutanen da aka gayyata don tuna Martina suka zo gaisuwar mijinta. Alhaji ya shiga ya yi ta'aziyya, ya bar Hamissou ya taya jera kujeru. Yana shigar da kujeru falo ya ji mata biyu a bakin kicin suna magana ƙasa-ƙasa. Ɗaya ta ce mutumin da ya san dokar gas sarai. Ɗayar ta ce kuma a makon da matar ta cika shekara. Suka yi shiru da suka gan shi, ɗaya ta ce masa sannu da ƙoƙari, ɗana.

Glory ta same shi a baranda ta baya. Ba ta sa rigar sanyi ba, idanunta sun kumbura amma a bushe suke. Ta ce ya zo ya nuna mata wurin.

Suka tsaya gaban ɗakin katakon. Layi biyun nan suna nan a ƙanƙara, sun daskare.

"Hamissou, kai ka fi kowa ganinsa kwanan nan," ta ce. "Ya taɓa ce maka ya gaji?"

Ya ce a'a.

Ta ce sau goma ta yi masa gargaɗi, har ta sa ya rantse. Ita ta nemo masa bulon nan da hannunta. Mahaifinta ba mai mantuwa ba ne, mutum ne da ke duba murhu sau biyu kafin ya fita. Ta ce fasto ya kira ta gefe ya tambaye ta a hankali ko Baba ya bar wata takarda. Gwaggonta ta bugo daga Jos tana kuka tana tambayar me za a gaya wa dangi.

"Ya zauna ya toshe ramuka, ya ture bulo, ya rufe ƙofa." Muryar Glory ta sauka. "Ya bi Mama. Ni ban ishe shi ya zauna ba."

Hamissou ya dubi bulon. Yana kwance a gefensa, taku biyu daga ƙofa, inda ƙafarsa ta jefa shi. Ta bayan shinge yana hango tagar ɗakinsa, da motar kayan Alhaji a ƙofar gida. Ya san in ya yi shiru yanzu, ba wanda zai sake tambaya har abada.

"Anti Glory," ya ce. "Ba shi ya rufe ba."

Ta juyo.

Ya faɗa mata duka, kansa a ƙasa. Iskar da ta kashe wuta, motocin baƙi, muryar Alhaji, shayi uku. Ya faɗa mata Baba da kansa ya tare ƙofar, ya ce dokarta ce. Ya faɗa mata abu na ƙarshe da ya ji daga bakinsa dariya ce, da cewa ɗumin da daɗi.

Daga cikin gida aka fara waƙar coci, muryoyin mata a hankali.

"Don kada kawunka ya gan ka," in ji Glory.

"E."

"Minti biyar."

Ta rufe fuskarta da tafukanta, kafaɗunta suka fara girgiza, kukan da ta riƙe tun Juma'a ya ɓalle. Hamissou ya tsaya kamar an dasa shi, yana jiran mari ko ihu. Da ta sauke hannu, ba ta dube shi ba.

"Kada ka roƙe ni gafara yau," ta ce. "Ba ni da ita."

Ta share fuska da bakin zanenta. Ta ce yanzu za ta shiga ta gaya wa fasto, ta bugo wa gwaggonta, cewa mahaifinta bai rufe wa kansa ƙofa ba. Za su tambayi wa ya rufe, kuma za ta faɗa. Kafin magariba maganar za ta tsallaka shinge.

Hamissou ya ce to. Ya ce zai riga ta gaya wa Alhaji.

Ta buɗe ƙofar ɗakin, ta tsaya tana kallon ciki. Tukunyar na kan murhu. Burkutun da bai kai ga tashi ba ya daskare, muciyar na tsaye a tsakiyarsa a karkace, yadda Hamissou ya sake ta. Hular Baba na ƙasa kusa da kujera. Glory ta ɗauka, ta kakkaɓe, ta rungume a ƙirji, ta juya ta nufi gida.

Iska ta fara turo ƙofar za ta rufe. Hamissou ya tare ta da kafaɗa. Ya sunkuya ya ɓamɓaro bulon daga ƙanƙara, ya mayar da shi inda tsohon ya sa shi. Ƙofar ta tsaya a buɗe, ɓarɓashin dusar ƙanƙara na shiga yana sauka a kan 'yar kujerar.