Waƙar Iya a Na'urar Fanna

Duk unguwar Sheshe an san Kaltume ba ta ga-maciji da ƙanwarta Fanna, kuma ita ma ba ta taɓa wahalar da kanta wajen ɓoyewa ba. Uwa ɗaya uba ɗaya suke. Amma da an ambaci sunan Fanna a tsakar gida, sai Kaltume ta taɓe baki ta ci gaba da juya turaren wutar da take soyawa, wanda 'yan Kasuwar Kurmi ke zuwa sara har gida.

Fanna farfesa ce a wata jami'a can ƙasar waje. In ka tambayi Kaltume aikin ƙanwar tata, cewa za ta yi leƙen bakin mutane. Ba ta kuwa yi nisa da gaskiya ba. Ilimin furuci Fanna ta karanta, ta ƙare ƙuruciyarta a kan duwatsun Peru da Bolibiya tana bin wasu mutane masu yaren Kecuwa, wai suna da harufan da ake maƙure maƙogwaro a fesar da su, irin ƙ da ts ɗin Hausa. A kan haka aka ba ta digirori, a kan haka ake gayyatarta ƙasa-ƙasa. A can kan dutsen take lokacin da mahaifiyarsu Iya ta kwanta ciwon ajali. Kaltume ce ta yi jinya, ita ta yi wankin tsumma, a kan cinyarta Iya ta cika. Fanna kuwa sai da aka share makoki sannan ta bugo waya tana kuka, wai inda take babu sabis.

Da so samu ne, Kaltume ba za ta nemi komai a hannun Fanna ba har ta koma ga Allah. Sai dai bikin 'yarta Khadija ya matso, kuma akwai abin da gidan nan ba ya aurar da 'ya sai da shi. Asalinsu Barebari ne, kakanninsu sun zo Kano tun ganuwa na da ƙwarinta. Yaren ya daɗe da tsere musu, sai waƙa guda ɗaya da ta rage, wadda babbar mace a gidan ke rerawa a kan amarya ana turara ta, tana kiran sunayen iyaye mata ɗaya bayan ɗaya tana sa albarka. Iya ce ta ƙarshe da ta iya ta. Kaltume ta san karin, amma kalmomin ba su zauna mata ba, don duk lokacin da ake yi ita ce mai hura garwashi. Sau da yawa ta ce wa Iya ta zaunar da ita ta koya mata, sai Iya ta kaɗa hannu.

“Ke dai kin cika gaggawa. Ai na zuba wa na'urar Fanna tun daga farko har ƙarshe. Ranar da kuke so sai ku kunna.”

Kaltume ba ta manta da zuwan na'urar nan ba, don ita ta sha wahalarta. Wani hutu ne Fanna ta zo, ta kulle kanta da Iya a ɗaki kullum da hantsi. Aka hana daka, aka kashe fanka, aka kai akuya gidan maƙwabta. Ko tari Kaltume ta yi, sai Fanna ta leƙo ta ɗora yatsa a baki. Ta cikin ƙyauren Kaltume ta sha jin dariyar Iya, kuma da kunnenta ta ji ta tana rera waƙar. Shi ya sa hankalinta ya kwanta shekara da shekaru.

Ana saura 'yan kwanaki biki Fanna ta sauka. Mai adaidaita sahu ya ajiye ta a bakin titi, ta shigo lungu tana jan akwati mai taya yana ƙara a kan duwatsu. Ta rame, furfura ta fito mata a goshi. Ta durƙusa ta gaida yayarta, ta ƙara yi mata gaisuwar Iya.

“Mun gode,” in ji Kaltume, kamar da baƙuwa take magana. “Farfesa an sha hanya. Kin zo da na'urar?”

“Wace na'ura, Yaya?”

“Wadda aka hana mu numfashi saboda ita. Waƙar turare nake so. Iya ta ce tana wurinki.”

Fanna ta sunkuyar da kai tana gyara ɗankwalin da bai kwance ba. Ta ce ai waccan na'urar ta daɗe da mutuwa, amma komai yana cikin kwamfuta, za ta duba in ta huta.

Hutun nan bai ƙare ba. Yau ta ce babu wuta, gobe ta ce kanta ke ciwo, jibi ta tafi jami'a gaida wasu abokan aiki ta kai yamma. Ga ta da rawar jiki wajen aikin biki, ita ce tsintar shinkafa, ita ce jeren kwanuka, amma da ta hango Kaltume ta nufo ta sai ta tuna da wani aikin a wani wuri. Kaltume ta ɗauka rowa ce da girman kai irin na 'yan boko, wato muryar uwarsu ma ta zama kayan Fanna sai an bi ta ana roƙo. Abin ya ci mata rai har abinci ba ya wuce mata.

Ranar turaren da safe ta ritsa ta a ɗakin Iya. Ta shiga ta turo ƙyaure, ta jingina bayanta da shi.

“Yau ba ciwon kai ba jami'a. Da la'asar mata za su cika gidan nan, ni kuma ba zan tsaya a kan 'yata baki a rufe ba. Kunna min in ji, ko baiti biyu na kama sun ishe ni.”

Fanna ta buɗe kwamfutar. Wasu layuka baƙaƙe masu tsini suka bayyana a allon. Ta danna.

“Ƙwarya,” in ji Iya.

Kaltume ta zauna a bakin gado ba shiri. Muryar ce, da 'yar dusashewar nan tata ta mai shaƙar hayaƙin turare.

“Ƙwarya. Ƙwarya. Tsintsiya. Tsintsiya. Tsintsiya. Ƙofa.”

Kaltume ta share ido da bakin zani. “To, na ji. Wuce wannan, kai mu wurin waƙar.”

“Yaya, babu waƙar.”

“Ta ɓata?”

“Ba ta ɓata ba. Ban ɗauka ba.”

Kaltume ta tsura mata ido. Fanna ta fara bayani da sauri, irin na wanda ya daɗe yana shirya shi a zuci. Ta ce a lokacin aikinta a kan harufa biyu ne kawai, za ta gwada na Hausa da na Kecuwa. Waƙar da Barbarci take, shi kuwa ba shi da waɗannan harufan. Ga batir yana ƙarewa, ga babu wuta. Don haka duk lokacin da Iya ta saki kalmomin da aka ba ta ta shiga hira ko waƙa, sai ta danna maɓalli ta tsayar da na'urar, in Iya ta gama ta sake kunnawa.

“Ita ta sani?”

Fanna ta kau da kai ta koma kallon allon.

“Tambayarki nake. Iya ta san kin kashe?”

“Ban so in ɓata mata rai ba. Sai na ci gaba da riƙe mata abin maganar a baki.”

Kaltume ta runtse ido. Ta hango Iya zaune a kan wannan gadon, ta gyara murya, ta rufe ido, tana zuba sunayen iyayenta cikin mataccen ƙarfe, 'yar da ta haifa tana gyaɗa mata kai tana murmushi. Tsanar da take yi wa Fanna a da ashe wasa ce.

“Ke da kika zauna a gabanta, kunnenki ai ba batir yake amfani da shi ba. Faɗa min abin da kika riƙe.”

“Ina duba kalmomin da za mu yi a gaba ne, Yaya. Ban saurara ba.”

“Ba ki saurara ba.” Kaltume ta yi wata dariya marar daɗi. “Kin haye dutse kin tsallaka teku don ki saurari kakannin wasu, an ba ki kujera an ba ki suna a kan iya sauraro. Taki uwar ta buɗe baki sau ɗaya ta ba ki abin da ta gada, kin kashe ta kina duba takarda.”

“Wallahi na ɗauka akwai lokaci. Na ce zan dawo musamman saboda waƙar. Ina da abokan aiki a Maiduguri, in na yi musu waya yanzu, ba za a rasa wata tsohuwa da ta san irinta ba.”

“Tsohuwar Maiduguri ta san sunan kakata? Rufe min baki. Sau nawa kika yi waya Iya na da rai? Da kin ce mata babu, da ta zaunar da ni ta koya min. Ba ki ɗauka ba, kuma kin hana ni ɗauka.”

Fanna na kuka sosai yanzu, amma kukan bai taɓa Kaltume ko kaɗan ba. Ta tambaye ta me aka yi da ƙwaryar da tsintsiyar. Fanna ta ce an rubuta takardu a kansu, an kunna su a tarurruka, ana jera muryar Iya da ta wata tsohuwa 'yar Bolibiya ana gwadawa.

“Da sunanta?”

“Ba a sa suna a irin wannan aikin. Lamba ake ba mutum.”

Kaltume ta miƙe ta buɗe ƙyauren. “Da la'asar ki fito da kwamfutarki. Tun da Turawa sun ji, 'yan Sheshe ma za su ji.”

Da la'asar gida ya cika. Aka zaunar da Khadija a kan kujera 'yar tsugunno a tsakar gida, aka lulluɓe ta da lafaya, aka tura kaskon garwashi ƙarƙashinta. Kaltume ta barbaɗa turaren da ta ɓoye tun bara saboda wannan rana, ƙamshi ya game gidan har zaure. Mata suka matso kusa. Gwaggo 'Yardada, tsohuwar ƙawar Iya da ke zaune a kan tabarma kusa da amarya, ta ɗago kai.

“To Kaltume, bismilla. Yau ke ce a gurbin uwarki.”

Kaltume ta gyara tsayuwa ta ɗaga murya yadda na bakin ƙofa ma za su ji.

“Gwaggo, waƙa dai babu. Iya ta ba Farfesa ajiya, Farfesa ta ga ba ta da amfani a aikinta, ta kashe na'ura Iya tana rerawa. Amma ta ce ta tsince mana abin da ya fi muhimmanci, wanda aka yi ta tafa mata a kansa a ƙasashen duniya. Fanna, kunna wa mutane su ji gadon da kika adana musu.”

“Yaya, don Allah don Annabi.”

“Kunna!”

Idanu suka koma kan Fanna. Wata ta ja tsaki, wata ta ce ai dama boko in ya yi yawa haka yake ƙarewa. Abin da Kaltume ke so ke nan, a yi mata dariya, a bi ta da ita har bakin lungu, ta ɗanɗana ko kaɗan ne daga abin da ta ƙunsa mata. Fanna ta durƙusa ta ajiye kwamfutar a kan turmi, ta danna, ta rufe fuska da mayafi.

“Ƙwarya. Ƙwarya. Ƙwarya.”

Wata yarinya a baya ta fara ƙyalƙyalewa, ba wanda ya taya ta. Gwaggo 'Yardada ta dafe ƙirji tana salati. Daga ƙarƙashin lafaya aka ji Khadija ta ce “Iya!” da ƙarfi, kafaɗunta suka hau girgiza.

“Tsintsiya,” in ji Iya a hankali, tana fitar da kowane harafi tsaf, yadda aka roƙe ta ta yi. “Tsintsiya. Ƙofa.”

Kaltume ta buɗe baki za ta ƙara wata baƙar maganar, amma muryar Iya ta tsayar da ita. Ba ta yi tsammanin haka ba. Ta shirya wa Fanna kunya, ba ta shirya wa kanta jin uwarta a tsakar gidan nan cikin hayaƙin turare, a kan jikar da Iya ta yi wa wanka tana jaririya ba. Baƙin ciki ya rufe ta, na waƙar da ta tafi har abada, da na wannan 'yar guntuwar da ta rage wadda ba ta isa komai ba kuma ba ta iya rabuwa da ita. Ta ɗora hannu a kan Khadija. Ba ta san lokacin da karin waƙar ya fara fita ta hancinta ba, leɓe a rufe, babu kalma ko ɗaya, Iya kuma na ta kiran kayan gida a ƙarƙashinsa.

Fanna ta kasa jurewa. Ta rarrafo tana sheshsheƙa, ta miƙa yatsa wajen maɓallin. Kaltume ta kai wa hannun duka da bayan ludayin turare har sai da aka ji ƙarar a zaure.

“Kada ki kuskura ki sake kashe ta,” ta ce.