Zuhalu a Gida na Sha Biyu

Ina wanke motar kafilina, Balaraben da nake wa aiki, a unguwar Malaz, Hajjo ta kira ni. Matata ce, kuma ba ta kirana lokacin aiki.

"Malam, ka zo asibiti yanzu. Hajar ce. Likita ta ce sai tiyata, mijinta ya ƙi sa hannu."

Na jefar da tiyo na shiga mota. Ban nemi izinin kowa ba.

Hajar ita ce autata, a nan Riyad aka haife ta. Ni na ba Ghali ita da hannuna. Ɗan Zariya ne, yana aikin kwamfuta a wani kamfani, ba ya shaye-shaye, ba ya ɗaga murya. Shi ya yi karatu, ni direba ne tun ina da baƙin gashi. Haihuwarsu ta fari namiji ne, bai kai suna ba ya koma. Tun daga nan Ghali ya daina fita, kullum kansa a waya. Na ɗauka baƙin ciki ne, na ƙyale shi.

Na same shi a barandar sashen haihuwa, ya jingina da bango. Hajjo na gefe, mayafinta ya jiƙe da hawaye. Ya rusuna zai gaishe ni.

"Bar gaisuwa. Me ake ciki?"

Kafin ya buɗe baki likitar ta fito. Bamisiriya ce, gajeriya, da takarda a hannu. Ta dube ni.

"Kai ne uban? Ya hajj, bugun zuciyar jaririn na sauka. Matar na zubar da jini. Ina son shiga da ita yanzu, ba anjima ba."

"Kawo takardar, ni zan sa hannu."

"Ita ta yarda tun ɗazu. Amma a asibitin nan sai da hannun miji in yana nan. Ga shi kuwa yana nan." Ta miƙa wa Ghali biro, bai karɓa ba. Ta ajiye takardar a kan tebur, ta koma ciki da sauri.

Na juya.

"Kuɗi ne babu?"

"A'a, Baba. Inshora ta ɗauka."

"To mene ne?"

"A ɗan jira kawai. Zuwa bayan azahar. Wallahi ba ƙi na yi ba."

"Jiran wa?"

Ya waiga hagu da dama, ya matso, ya rage murya. Ya nuna mini wayarsa. Wani da'ira ne an yanka shi kamar lemo, da ƙananan alamomi a ciki.

"Baba, ka saurare ni da kyau. Wannan sama ce, yadda take a yanzu. Yunanawan zamanin da ne suka raba ta gida goma sha biyu. Duk wanda aka haifa, akwai burujin da ke fitowa daga gabas a lokacin, kuma kowane buruji da tauraron da ke mulkinsa. Shi ne ke jan rayuwar mutum. Kamar direba, Baba, kai ka fi kowa ganewa."

"Kada ka sa sana'ata a ciki."

"To. Amma gidajen ba ƙarfinsu ɗaya ba. Akwai masu ƙarfi, akwai matattu. Yanzu mai mulkin Zuhalu ne, kuma yana gida na sha biyu. Gidan mugun aljani suke ce masa. Daga nan ko ganin burujin ba ya yi. In an jira buruji na gaba ya fito, Zuhalun ne dai, amma ya koma gida na sha ɗaya, gidan alheri da abokai. Ɗan lokaci ne kaɗan."

Na dube shi. Fuskarsa ba ta mai wasa ba ce. Da wasa yake da na fi samun sauƙi.

"Wa ya koya maka wannan?"

"Littattafai ne, Baba. Ilimi ne, da lissafi. Ba bokanci ba ne."

"Boka ma lissafi yake. A ƙasa yake zana nasa, kai a waya."

"Na duba na marigayi ɗanmu," ya ce. "Bayan ya rasu na duba. Mai mulkinsa a gida na sha biyu yake. Ba zan sake ba, Baba. Ba zan sa hannu a fito da wani cikin gidan nan ba."

Hajjo ta ce, "Ghali, ka ji tsoron Allah. Ɗan nan Allah ne Ya ba ku, Shi Ya karɓa."

"Umma, ba ku gane ba."

"Mun gane," na ce. "Wancan Allah Ya kashe. Wannan kai kake son kashewa, har da uwarsa."

Ya ja baya kamar na mare shi. Tun da ya auri 'yata ban taɓa yi masa magana mai nauyi ba. Akwai kunya tsakanin mutum da surukinsa. Ranar na ajiye ta.

Daga ciki na ji muryar Hajar. Ba ihu take ba, nishi ne, irin na wanda ƙarfinsa ya ƙare. Wata nas ta fito da gudu, ta dawo da leda biyu ta jini. Ladanin masallacin asibitin ya soma kiran azahar.

"Ka ji, an kira," in ji Ghali. "Saura kaɗan. Mu je mu yi salla, kafin mu dawo ya sauya."

"Salla? Wa za ka yi wa sallar, Allah ko Zuhalu?"

"Baba, don Allah."

"Ɗauki biron nan."

"Ba zan iya ba."

Na so in shaƙe shi. Hannuna har ya tashi. Amma in na doke shi ni za a fitar, takardar kuma tana nan yadda take. Na duba ƙarshen baranda. Akwai mai gadi a bakin ƙofa, Basa'ude, da kakinsa, yana danna waya.

"Ka ga wancan?" na ce. "Ka san sunan abin da ke wayarka a ƙasar nan. Duba ne. Sihiri suke ce masa. Ka san akwai masu kama irinku, ka kuma san inda ake kai su. Zan kira shi in ce surukina ɗan duba ne, ya hana a ceci matarsa saboda taurari. In sun tafi da kai, babu miji a nan, ni zan sa hannu."

Fuskarsa ta yi fari.

"Ba za ka yi ba. Iƙamar Hajar, takardar zamanta a ƙasar nan, a kan tawa take. In an kore ni, ita ma an kore ta. Ba ta san kowa a Najeriya ba."

"A kore ta da ranta."

"Malam," in ji Hajjo, ta riƙe hannun rigata. "Malam, a hankali."

Na fizge. Na ɗaga murya yadda duk barandar za ta ji.

"Ya askari! Zo nan!"

Mutane suka juyo. Mai gadin ya sa wayarsa a aljihu, ya taho yana gyara hula. Ghali ya dube shi, ya dube ni, ya sake duba wayarsa. Na rantse ya sake dubawa. Sannan ya fizgi biro ya sa hannu, har takardar ta yage a gefe. Hajjo ta ɗauke ta ta ruga ciki.

Mai gadin ya iso. "Lafiya, ya hajj?"

"Ina masallaci?" na ce.

Ya nuna mini da yatsa, ya koma yana girgiza kai.

Ban je masallacin ba sai da aka wuce da ita. Na gan ta a kan gadon da ake turawa, leɓɓanta sun yi fari fat, ido a rufe. Na yi salla, ban san abin da na karanta ba. Na dawo na zauna. Ghali na can ƙarshen benci. Ban dube shi ba.

An daɗe kafin likitar ta fito. Ta cire abin rufe baki.

"Uwar ta tsira. Ta zubar da jini da yawa, amma ta tsira. Mace aka samu. Ba ta yi kuka da wuri ba, iska ta yanke mata a ciki. Tana cikin kwalba. Ba zan yi muku alkawarin komai ba tukuna." Ta dubi Ghali. "Da an shiga lokacin da na ce, da ba haka ba."

Ghali ya miƙe. Na ɗauka haƙuri zai bayar.

"Dakta, ƙarfe nawa aka fito da ita? Daidai da minti?"

Ta dube shi kawai, ta wuce. Ya bi wata nas ya samo. Ya danna a waya, ya zauna, ya dafe kai.

"Bai sauya ba," ya ce. "Tana cikin na sha biyu. Na faɗa muku. Ga shi tun yanzu an fara gani."

Na tashi na tsaya a kansa.

"Tashi ka bar nan."

"Baba, 'yata ce."

"Tashi, kafin in sake kiran mutumin can. Wannan karon ba masallaci zan tambaye shi ba."

Ya tashi. Ya tafi yana waiwaye.

Bayan la'asar aka bar ni na shiga wurin Hajar. An ɗaura mata ruwa a hannu ɗaya, jini a ɗayan. Hajjo na shafa mata goshi. Ta buɗe ido da ƙyar.

"Baba. Ina yarinyar?"

"Tana numfashi. Suna kula da ita."

Sannan ta ce, "Na ce musu na yarda. Na yi ta ce musu. Me ya sa aka daɗe?"

Hajjo ta yi mini alama da ido in yi shiru. Ban yi ba. Ban saba ƙarya ba, ba kuma zan fara a kan gadon 'yata ba.

"Mijinki ne. Yana jiran wani tauraro ya sauya gida."

Ba ta yi mamaki ba. Wannan ya fi komai ƙona ni. Ta juya fuska wajen bango, hawaye na bi ta kunnenta.

"Ranar aski ma sai ya duba," ta ce. "Na ɗauka ban da ni."

Ta juyo ta dube ni.

"Baba, in an sallame mu, unguwarmu Shifa za ka kai ni. Gida."

"Ɗakinki na nan," na ce. Na fita in nemi wanda zai nuna mini inda kwalbar take.