Goshin Baban Nazira

Mijina, Baban Nazira, shekara talatin yana fawa a babbar kasuwar Garwa, kuma ban taɓa jin ya ce wayyo ba. Ko wuƙa ta yanke shi, alhamdulillahi kawai zai ce. Da gwiwa ta kama shi, sai da na yi kwana uku ina mita kafin ya yarda muka je asibiti.

Nas ɗin, Madam Honorine, ta ɗauko takardar tambayoyi. Ta ce daga sifiri zuwa goma, yaya ciwon ke hana shi tafiya?

"Jam tan, lafiya lau," in ji shi. "Sifiri."

Aiki fa? Sifiri. Barci? Sifiri. Mutumin da ya daina ɗaga cinyar saniya a mahauta, wanda hawa babur sai ya cije leɓe! A ganinsa faɗin ciwo butulci ne ga Allah.

Madam ta ajiye biro. "Baba, in duk sifiri ne, ba ni da hujjar tura ka wajen gashin ƙashi. Sai ƙwaya ka koma gida."

Raina ya ɓaci, ga tausayinsa ya cika ni. Na ce, "Madam, takardarki ba ta san shi ba. Bari in yi tawa tambayar." Na juya gare shi. "Malam, yaushe rabon da goshinka ya taɓa ƙasa?"

Ya shiga murza hularsa. Ni na san komai. Ni ce ke ajiye masa kujera a kan tabarmar salla, in fita tsakar gida don kada ya ji kunya.

"Tun azumin bara," ya ce a hankali. "A zaune nake yi."

Madam ta ɗauki biro. "Wannan nawa ne, Baba?"

Ya share ido da bakin riga. "Rubuta goma."

Wata biyu muna zuwa gashi, Litinin da Alhamis, yana ƙorafin ana murɗa shi kamar kaza. Ran wata Juma'a ya dawo daga masallaci, yana ɗingishi kaɗan, ya zauna yana tambayar abinci. Na ga yashi manne a goshinsa. Na ɗaga gefen mayafina zan goge masa, sai ya riƙe hannuna.

"Bar shi, Iyatu," ya ce. "Bar shi tukuna."