Lagwani Kafin La'asar

Pak Darmaji ya zuƙa, idanunsa suka firfito, sai tari ya sarƙe shi har hularsa ta faɗo kan cinya. Da ya samu numfashi, ya miƙa wa matarsa abin da yatsu biyu, ya ce ɗanɗanon ƙonannen tsumma yake yi.

"Karo na biyu ke nan, Bu. Ke kike so ki ƙarasa ni, tunda ciwo ya kasa?"

Bu Warsiti ta karɓa ta sake kwance shi. Tun hantsi take zaune a baranda da sigarin lantarkin nan a wargaje cikin faranti, ga ɗan tankin gilashi, ga notuna ƙanana kamar ƙwayar shinkafa, ga waya siririya da auduga da kwalbar ruwan da ake ɗurawa. Gilashin idonta ya zamo mata hanci ya fi sau hamsin, wuyanta ya ƙage, ko tukunya ba ta ɗora ba. Mai abin kuwa yana kishingiɗe a kujera, ya cinye gyaɗar da ta ajiye wa baƙi, yana ba da shawara.

Kwana goma sha tara ke nan rabonsa da sigari. Shekara arba'in ya yi yana zuƙar mai kanumfari a bayan sitiyarin motar haya, har ranar da ya zube a ƙofar masallaci aka kwashe shi sai asibiti. Likita ta nuna musu hoton ƙirjinsa, ta ce ya bar hayaƙi kowane iri ne. Ya gwada sau uku, sau uku Bu Warsiti tana tsintar guntayen sigari a bayan kejin kaji. Daga nan ne mijin 'yarsu ya zo daga Semarang da wannan na'ura, ya naɗa mata waya, ya zura auduga, ya ce da babu gara ba daɗi. Ita dai ba ta yarda da abin da ke sa dattijo ƙamshin mangwaro ba, amma kwana goma sha tara ba wasa ba ne. Jiya audugar ta ƙone, wayar ta yi baƙi ƙirin, surukin kuma ya tafi aiki Kalimantan, inda ko an kira shi ba ya shiga.

Da a ce ranar kamar kowace rana ce, da ta bar shi ya ci gyaɗa har gobe. To amma yau bayan la'asar ake sadakar arba'in ta amininsa Pak Karsono, gida uku daga nasu. Ana shafa fatiha za a zagayo da kofin gilashi cike da karan sigari, babban ɗan mamacin ya riƙa miƙa wa kowa da hannu biyu. Wanda ke riƙe da nasa yana iya ɗaga shi ya yi godiya a wuce shi, amma mai hannu wofi ya ƙi ɗauka, ya raina gidan. Tun da safe Pak Darmaji ya faɗa mata, yana kallon bango, cewa in abin bai gyaru ba shi fa ba zai kunyata iyalin Karsono ba. Ta kuma san mijinta sarai. Kara ɗaya yau, kwali guda gobe, jibi su koma gaban likita.

Abin da ya fi ci mata rai shi ne wai auduga ce ta gagare ta. Ita Warsiti, wadda ta yi shekara talatin da ɗaya tana naɗa sigari da hannu a kamfani nan garinsu Kudus, kara dubu uku kowace rana. Mai duba aiki kan bi teburi tana matsa karan da yatsa, wanda ya yi sako-sako ta watso maka shi a gaban mata ɗari. Tun bayan shekararta ta farko ba a sake watso mata ko ɗaya ba. Wayar ma ba ta ba ta wuya ba yau: ta naɗe ta zagaye shida a jikin ƙaramin sukudireba kamar yadda ta ga surukin ya yi, naɗin, wato koyil, ya fito a jere tsaf, ta ɗaure ƙafafunsa da noti. Sannan ta yanki auduga, ta murza ta a tafin hannu har ta yi tsauri yadda aikin kirki ya kamata ya yi, ta cusa ta cikin koyil da ƙyar, ta danna jelar cikin ramukan tanki dam. Ruwa cike, amma ana danna maɓalli sai ƙauri.

Pak Darmaji ya ce a ganinsa audugar ce ta yi kaɗan, a ƙara. Da ta yi masa banza, ya ce ko a farke matashin kai a ɗebo ta ciki, ita ce ta gargajiya mai albarka. Da ta ƙara yin banza, ya yi ajiyar zuciya, ya ce shi a zamanin da yake tuƙi ba a taɓa jin sigari ya lalace an kai shi gareji ba.

"Pak, in ka ƙara magana ɗaya, kai zan zura cikin wayar nan."

Ana sallame azahar ta juye komai a gwangwanin biskit, ta ɗaure a jaka, ta tayar da babur. Shagon masu wannan abu yana can bayan tashar mota, tafiyar kilomita bakwai cikin rana, kuma ba nisan ne ya hana ta zuwa tun safe ba. Mai shagon, Yuyun, 'yar Sumirah ce, wadda suka yi shekara ashirin suna teburi ɗaya a kamfani. Bu Warsiti ta yi wa yarinyar nan wankan jarirai, ta share mata majina, yanzu kuma za ta je ta ce a koya mata naɗi. Duk hanya tana zagin surukinta a zuci, da shi da wanda ya ƙirƙiro abin.

Ta tarar da shagon cike da tururi kamar ɗakin girkin biki. Wasu ƙatti biyu masu gashin baki suna zaune suna busa ƙamshin alewa, da ganin dattijuwa da lulluɓi suka ɓoye hannuwansu a bayansu. Yuyun ta zagayo ta sumbaci hannunta tana kiranta Bude, wato gwaggo, ta tambayi jikin Pakde, wato kawunta Pak Darmaji, ta ba ta kujera, sannan ta buɗe gwangwanin. Ta daɗe tana juya koyil ɗin a ƙarƙashin fitila, ta ce wanda ya naɗa wannan ya zo ta ɗauke shi aiki. Bu Warsiti ta gyara zama. Sai Yuyun ta sa hantsaki ta zaro audugar, ta ƙwanƙwasa ta a kan teburin shagon, ta ciji leɓe.

"Bude, wannan lagwani ne ko ƙusa?"

Ƙattin nan suka sunkuyar da kai, kafaɗunsu na rawa. Bu Warsiti ta ce aiki ne mai kyau, ko mai duba aiki ta taso daga kabari ba za ta same shi da aibi ba. Yuyun ta ce ai matsalar ke nan. Ita taba ana matse ta don ta ci wuta a hankali, ita kuwa wannan ba a so ta ci wuta ko kaɗan, ruwa ake so ya bi cikinta ya hau zuwa wayar kamar kananzir a fitila. In aka toshe masa hanya, waya ta yi zafi ba ruwa, sai ta ci audugar. Ta ce mahaifiyarta ma haka take, ko shinkafa ta naɗe a ganyen ayaba sai an nemo wuƙa. Ta jawo almakashi ta ce minti biyar ya ishe ta.

Bu Warsiti ta dafe gwangwanin. Ta ce audugar nan bayan 'yan makonni za ta sake ƙonewa, kuma ba za ta ƙare rayuwarta a kan hanyar tasha ba, a nuna mata kawai. Ta dubi agogon bango, ƙarfe biyu saura kwata.

Yuyun ta fara sa ta danna maɓalli kaɗan-kaɗan ba auduga, har koyil ya yi ja daga tsakiya ya bazu gefe, ta ce haka ake so, a bar shi ya huce. Ta yanko auduga mai faɗin ɗan yatsa, ta ɓare fatar sama, ta ce bakin kawai za a murza ya yi tsini, sauran a bar shi yana numfashi. Bu Warsiti ta ce ta gane. Ta karɓa, kafin ta ankara tafukanta sun haɗu sun murje ta tas. Aka yanko wata. Ta riƙe numfashi, ta yi bisimilla, ta kai rabi lafiya, ɗaya daga cikin ƙattin ya yi tari, hannun ya koma gidan jiya. A karo na uku ta ajiye audugar ta zuba wa tafukanta ido da haushi, ta ji hawayen takaici na neman zubo mata a gaban 'yar Sumirah. Hannuwan da suka biya kuɗin makarantar yara uku, yau sun ƙi jin maganarta.

Yuyun ba ta yi dariya ba wannan karon. Ta ce Bude ta zauna a kan hannunta na dama. Bu Warsiti ta ce ba ta son iskanci, Yuyun ta rantse ba wasa take yi ba. Haka dattijuwar ta danne hannunta da cinya, Yuyun ta riƙe mata gindin tankin, ta zura audugar da yatsu biyu na hagu kamar sabuwar shiga. Audugar ta shige da ɗan ja kaɗan, ba ta maƙale ba, ba ta kuma zame ba. Aka datse jelar, aka taje ta da bakin hantsaki har ta yi laushi, aka kwantar da ita cikin ramukan ba dannawa. A idon Bu Warsiti aikin banza ne, irin wanda ake watso wa mutum. Yuyun ta ɗiga ruwa har audugar ta jiƙe, ta haɗa tanki, ta cika shi, ta zuƙa, ta fesar da farin tururi har rufi, ta ɗaga mata babban yatsa.

Ana kiran la'asar ta shigo layinsu. Pak Darmaji yana tsaye a ƙofa, ya sha zanensa na fita da rigar batik mai zanen rini, yana taunar tsinken sakace kamar zai haɗiye shi. Ta miƙa masa ko sauka daga babur ba ta yi ba. Ya zuƙa a tsorace, ya tsaya, ya sake zuƙa mai tsawo, kafaɗunsa suka sauka.

"Ba laifi," in ji shi, ya jefa a aljihu ya wuce.

Ba laifi. Ta bi ƙeyarsa da kallo har ya sha kwana, ta ce a ranta Allah ya ba mata haƙuri, don maza ba su da niyyar ba su komai. Ta shiga ta ɗora ruwan shayi, ta share ɓawon gyaɗa, ta yi salla. Daga gidan Karsono tana jin muryoyin maza suna tashi suna sauka da addu'a, can aka yi shiru, sai iska ta fara kawo ƙamshin kanumfari. Ta san ƙamshin nan fiye da na jikinta. Ta zauna a baranda da wuƙa da albasa a hannu, ba ta yanka ko ɗaya ba.

Rana ta yi sanyi ya dawo, riƙe da ɗan kwandon shinkafar sadaka, yana tafiya a hankali. Ta miƙa hannu, ya zaro na'urar ya ɗora mata. Tun ba ta kai hanci ba ta ji ƙauri. Tankin ya bushe ƙaƙas, audugar ta zama gawayi.

Ya fara bayani yana sosa wuya. Wai da aka kawo kofi ya ɗaga abinsa ya yi godiya, sai liman ya ce a ba shi ya gani. Daga liman sai mai unguwa, daga mai unguwa sai layi guda, kowa ya zuƙa ya ce mangwaro ne, a'a ayaba ce. Abin da ya wuce hannun liman wa zai ce a dawo masa da shi? Kafin ya zagayo ruwan ya ƙare, wani kurman tsoho bai ji ana ce masa ya bari ba, ya yi ta dannawa har ya yi hayaƙi.

Bu Warsiti ta ajiye na'urar. Ta riga ta hango sauran labarin.

"Sai ɗan Karsono ya sake zagayowa da kofi," ta ce.

"Ya sake zagayowa."

"Kai kuma hannunka wofi."

"Da hannu biyu ya miƙo, Bu. Fuskar ubansa sak."

Ya sa hannu a aljihun rigarsa ya fito da karan sigari, ya ajiye a kan farantin da ke gabanta. Gindinsa ya jiƙe, haƙora sun lanƙwasa shi sun kusa raba shi biyu. Bakinsa kuwa fari tas, wuta ba ta taɓa shi ba. Ya ce sa'a guda ya yi da shi a baki cikin hayaƙin mutum talatin, sau huɗu ana ƙyasta masa ashana yana cewa sai an jima.

Ta ɗago ta dube shi. Goshinsa ya jiƙe da gumi, yatsunsa suna ta buga gefen kwandon. Ta jawo gwangwanin biskit, ta buɗe, ta zaro audugar da almakashi, ta tura hannunta na dama ƙarƙashin cinya. Pak Darmaji ya durƙusa a gabanta ya riƙe mata gindin tankin da hannu biyu, idonsa a kan farantin.

"Ki dai yi sauri, Bu," ya ce a hankali. "Na san inda kike ɓoye ashana."