Malam Gwadabe a Layin Hitoci

Daren jiya wani mafarki na yi, har yanzu bai sake ni ba.

Kafin in kwanta, autarmu Hansatu ta bugo waya daga Kaduna. Ta ce in zaɓi hitar da za a sa mana a gida, mai ɗumama ruwa da ɗaki, wadda ba ta shan wuta da yawa. Ba ta son babanta ya ci gaba da tashi da asuba yana hura itace cikin sanyin Jos, ga ciwon baya. Maigidana, Malam Gwadabe, yana jin mu. Ya dai juya fuskarsa bango. Tun ina amarya shi yake ɗora min ruwan wanka, saboda sanyi yana kama min ƙafa.

Sai ga ni a wata kasuwa. Ana ruwa, amma daga ƙasa yake tashi yana komawa sama, don haka kowa ya kifar da lemarsa yana tafiya a kanta. Ni ban zo da lema ba. Zanina ya jiƙe sharkaf, ɗankwalina kuwa a bushe.

An ɗaure hitoci a turaku kamar ragunan layya. Dillaliyar wata tsohuwar akuya ce mai tabarau, da biro a bayan kunne.

Ta ce, "Hajiya, mai ci kike nema ko mai aiki?"

Na ce, "Mai aiki."

"Kowa haka yake cewa, sai ki ga ya ja mai ƙiba ya tafi."

Ta nuna min ta farko, wata ƙatuwa mai sheƙi. Muna tsaye ta miƙa wuya ta haɗiye mitar wutar wani shago, ta yi gyatsa, fitilun kasuwar suka ɗauke. Akuyar ta tambaye ni ɗaki nawa gare mu. Na ce biyu. Ta ce to me zan yi da wadda aka ƙera don masallacin Juma'a?

Ta biyu gas take sha, kuma tana da fara'a. Sai dai bayanta a buɗe yake, rabin zafinta yana zurarewa. Tantabaru sun yi layi a kanta suna sharce gumi.

Akuyar ta ce, "Tana da kyauta. Ke ki ciyar da ita, tsuntsaye su ji ɗumi."

Ta uku 'yar ƙarama ce, an naɗe ta da bargo har wuya. Rana take sha da cokali, ta adana a ciki, ba ta barin ko kaɗan ya fita sai an buɗe famfo. Ta gaishe ni a hankali.

A ƙarshen layin na tarar da Malam. Yana zaune a kan bokitinsa, ya ɗaure ƙafarsa da igiya a jikin turke, an manna masa takarda mai taurari a goshi, irin mai nuna tattalin wuta.

Na ce, "Malam, me kake yi a nan?"

Ya ce, "Na ji ana neman mai ɗora ruwa ne, Uwani. Na ce bari in gwada sa'ata."

Akuyar ta zagaya shi, ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa da kofato. "Me yake ci?"

Na ce, "Ɓarin goro, sai kuma a ce masa sannu."

Ta cire tabarau. "Ban taɓa ganin mai tattali irinsa ba. Amma ki sani, ɗumin da yake ba ki daga jikinsa yake ɗiba, kuma ba a sayar da kayan gyaransa."

Na kama hannunsa. Sanyi ƙalau, kamar ruwan randa.

Sai ga mu a ɗakinmu. Ruwan ya bar tashi. Hitocin sun zauna a kan tabarma, akuyar tana bakin ƙofa tana tauna labule, tana jiran amsata. Na nuna mai bargo.

Malam ya sunkuya ya kwance igiyarsa. Ya daɗe yana naɗe ta a hannu.

Ya ce, "To ni kuma aikin me zan yi da asuba?"

'Yar hitar ce ta yi magana daga cikin bargonta.

"Baba, ni zafi kawai na iya. Ban san yadda Hajiya take son ruwanta ba."

Ya ɗago kai. "Ba ta son mai zafi sosai. Gwiwar hannu ake sawa a ji, ba yatsa ba."

"Ba ni da gwiwar hannu."

Ya ce, "To matsa nan in nuna miki."

Ta buɗe famfonta, baho ya cika. Ya surka, ya gwada, ya ƙara surkawa. Da ya ce ya yi, sai na durƙusa na cire masa takalmi, na sa ƙafafunsa a ciki. Ya so ya janye, na riƙe. Tururi ya tashi ya zama ƙananan tumaki, suna kiwo a jikin silin. Taurarin goshinsa suka zubo cikin ruwan ɗaya bayan ɗaya, suna iyo.

Ya lumshe ido. "Dama haka yake?"

Na ce, "Haka yake."

"Ashe kin daɗe kina jin daɗi, ba ki gaya min ba."

Na buɗe baki zan ba shi amsa, sai na ji wani gurnani kamar ana jan turmi a kan siminti. Na farka. Munsharin Malam ne. Ladan yana gyara lasifika, shi kuwa ya dunƙule, bargo ya zame daga kafaɗarsa. Na ja masa shi har kunne, na lalubi ashana, na fita tsakar gida ba takalmi don kada ya ji.